Darasi na 14: Idan Tsohuwar Kwamfuta Ta Ƙi Sabuntuwa

Unguwar Dawaki tana cikin garin Gombe, babban birnin jihar da aka ƙirƙiro daga tsohuwar Jihar Bauchi a ranar 1 ga Oktoba, 1996. Idan ka leƙa shagunan buga takardu na wannan unguwa, ko na Bolari da Jekadafari da Pantami, za ka tarar da kwamfutocin tafi-da-gidanka waɗanda ba a nan suka fara aiki ba. Da yawa daga cikinsu sun yi shekaru a ofisoshin Turai da Amurka, sannan aka lodo su zuwa Legas. Daga kasuwar kwamfuta ta Ikeja 'yan kasuwa suke saro su, su kawo Arewa. Ana ce musu na hannu, wasu kuma su ce Beljiyam. Ƙirar HP da Dell da Lenovo su suka fi yawa. Da irinsu ɗalibin Jami'ar Jihar Gombe yake rubuta kundinsa na kammala karatu, da su kuma ɗan aji shida yake gwajin jarrabawar JAMB, wadda tun daga 2015 da kwamfuta kaɗai ake rubuta ta.

Waɗannan kwamfutoci suna da ƙarko, amma akwai wata matsala da ta addabi masu su. Wata rana sai kwamfuta ta ce za ta sabunta kanta. Sai ta fara ƙirge: kashi 10, kashi 20, kashi 30 cikin ɗari, daga nan ta tsaya cik. Ko kuwa ta kai ƙarshe, ta mutu ta taso, ta nuna saƙo da Turanci cewa aikin bai kammalu ba, tana warware abin da ta yi. Gobe ma haka, jibi ma haka. Mai ita ya ƙosa, ya ɗauke ta sai wurin mai gyara, inda sau da yawa maganar farko ita ce a yi mata fomatin, wato a share duk abin da ke cikinta a ɗora manhaja sabuwa. Ta haka kundin karatu da hotunan biki da lissafin shago suke salwanta, alhali wataƙila abin da ya hana aikin bai fi ɗan batir mai girman kwabo ba.

A wannan darasi za ka koyi yadda ake bin sawun matsalar, daga dalili mafi araha zuwa mafi tsada, da yadda za ka bambanta kwamfutar da ba ta da lafiya da wadda tsufa ne kawai ya kama ta.

Mece ce sabuntawa?

Kowace kwamfuta tana da babbar manhaja, wadda ita ce uwar gida a cikinta. Ita ke karɓar abin da ka danna a madannai, ita ke nuna rubutu a allo, ita ke ba sauran manhajoji wurin zama. A ƙasarmu wadda aka fi amfani da ita ita ce Windows, ta kamfanin Microsoft na Amurka. Mutane ne suka rubuta ta, don haka ba ta rasa kurakurai, kuma ta waɗannan kurakurai ne masu kutse suke samun ƙofar shiga. Idan aka gano wata ɓaraka, kamfanin yakan aiko da faci ta intanet. Yana yin haka a kai a kai, ranar Talata ta biyu ta kowane wata. Saukar da wannan faci da ɗora shi, shi ake kira sabuntawa.

Kada ka ɗauka cewa ƙawa ce kawai. A watan Mayu na 2017 wata muguwar manhaja mai suna WannaCry ta bazu a ƙasashe fiye da 150. Tana kulle fayilolin mutane, ta nemi kuɗin fansa kafin ta buɗe. A Ingila har asibitoci sai da suka ɗage ganin marasa lafiya. Abin takaici shi ne, tun a watan Maris na wannan shekarar aka fitar da facin da zai toshe ƙofar da ta bi. Waɗanda suka ɗora shi sun tsira. Saboda haka shawarar da wasu ke bayarwa cewa a kashe sabuntawa gaba ɗaya a huta, ba shawarar kirki ba ce ga kwamfutar da ke hawa intanet.

Kafin ka taɓa komai

Nemi filashi ko wani rumbun ajiya na waje, ka kwashe duk fayil ɗin da idan ya ɓata za ka yi kuka. Yi wannan tun kwamfutar tana kunnuwa. Bayan haka, ka kwafe lambar da ta bayyana tare da saƙon matsalar, ko ka ɗauki hotonta da waya. Lambar takan fara da 0x, kuma ko da yake ta yi kama da shirme, ita ce ke faɗin inda ciwon yake.

Agogo

Fara da duba kwanan wata da lokaci a kusurwar allo. Mutane kan yi dariya idan aka ce musu haka, amma ga tsohuwar kwamfuta nan ne ya fi dacewa a fara. A cikinta, ban da babban batir, akwai wani ɗan ƙaramin batir mai ƙarfin bolt 3, galibi irin wanda ake kira CR2032. Aikinsa shi ne riƙe agogo lokacin da kwamfutar take a kashe. Bayan shekaru yakan mutu, kuma idan ya mutu tare da babban batir, duk lokacin da aka kunna kwamfutar sai ta koma wata shekara da ta daɗe da wucewa.

To, ina ruwan agogo da sabuntawa? Kafin kwamfutarka ta karɓi faci, sai ta tabbatar cewa daga kamfanin ya fito, ba daga ɓarawo ba. Tana yin haka ne ta duba wata shaida mai ɗauke da ranar fara aiki da ranar ƙarewa, kamar katin shaidar ɗalibi. Idan agogonta yana cewa 2012 ake ciki, shaidar da aka bayar a 2025 za ta zame mata takardar jabu, sai ta ƙi karɓa. Lambar 0x80072F8F sau da yawa wannan take nufi. Gyara kwanan watan da hannu, ka kuma duba yankin lokaci, domin kwamfutar da ta fito daga Amurka takan zo da lokacin can. Nijeriya tana gaban agogon GMT da awa ɗaya. Idan ka gyara yau, gobe ka tarar agogon ya sake rikicewa, ɗan batir ɗin ne. Mai gyara zai canza shi da kuɗi kaɗan.

Wuri a rumbu

Faci yana bukatar wurin da za a sauke shi, da wurin da za a warware shi, da wurin da za a ajiye tsohon abin da ya maye gurbinsa, don ko da za a koma baya. Domin ƙaura zuwa sabon zubi na Windows 10, kamfanin ya ce a tanadi aƙalla giga 20 a kwamfuta mai tsarin bit 64, ko giga 16 a mai bit 32. Akwai ƙananan kwamfutoci masu araha waɗanda duk rumbunsu giga 32 ne kacal. Su kam kullum cikin wannan ƙunci suke. Lambar 0x80070070 ma'anarta rumbu ya cika. Kwashe finafinai da waƙoƙi zuwa filashi, ka zubar da kwandon shara, ka yi amfani da manhajar share tarkace da ke cikin Windows. Sai dai kada ka shiga jakar Windows kanta kana goge abin da ba ka sani ba.

Data da wuta

A nan ne yanayin wurinmu ya fi shiga cikin maganar. Waɗanda suka tsara sabuntawa sun yi ta ne da tunanin gidan da intanet ba ya yankewa kuma wuta ba ta ɗaukewa. Mai kwamfuta a Dawaki kuwa, galibi da wayarsa yake ba ta intanet, da datar da ya saya da awo. Facin wata-wata yakan kai ɗaruruwan mega, cikakkiyar Windows 10 kuwa ta haura giga 4. Idan data ta ƙare a tsakiya, aikin ya tsaya. Akwai kuma wani tarko: Windows tana da saiti na haɗi mai awo, kuma idan ta ɗauki intanet ɗin wayarka a matsayin mai awo, takan ƙi sauke yawancin faci don ta tattala maka data. Sai ka ga kamar ta lalace, alhali ladabi take yi. Kashe wannan saitin idan ka shirya, ka sake kunna shi bayan ka gama. Masu dabara sukan jira dare, lokacin da ake samun datar dare mai rahusa kuma layi ya ragu da cunkoso.

Maganar wuta ta fi wannan haɗari. Yankewar data tana jinkirta aiki ne kawai, amma yankewar wuta a lokacin da kwamfuta take rubuta sababbin fayiloli a kan tsofaffi tana iya barin babbar manhaja rabi tsohuwa rabi sabuwa, ta kasa tashi. Yawancin kwamfutocin hannu batirinsu ya riga ya gaji. Wasu ko minti goma ba sa yi idan aka zare caja. Irin wannan kwamfuta ba a sabunta ta da sa rai cewa wuta za ta tsaya. Kai ta inda akwai sola ko janareta mai isasshen mai. Wannan gargaɗi ya ninka idan abin da za a sabunta shi ne BIOS, wato 'yar manhajar da ke tashe da kwamfuta tun kafin Windows ta farka. Idan wuta ta yanke ana cikin wannan, kwamfutar tana iya mutuwa murus, sai an kai ta wurin gwani.

Zafi ma yana kashe kwamfuta a tsakiyar aiki. Ƙurar hunturu takan taru a fanka da ramukan iska, sannan zafin bazara na watannin Maris da Afrilu ya zo ya tarar da su a toshe. Sabuntawa aiki ne mai nauyi, yana sa inji ya ɗau zafi, idan ya wuce kima sai kwamfutar ta kashe kanta don kada ta ƙone. Kada ka ɗora ta a kan katifa ko matashi. Sa ta a kan tebur, ka ɗan ɗaga bayanta, idan kuma fankar tana kuka sosai, a buɗe a share ƙurar.

Haƙuri

Wata matsalar ba matsala ba ce. Tsofaffin kwamfutoci da yawa suna da rumbu mai juyawa, wanda ya fi na zamani mai suna SSD nawa ƙwarai, ga kuma ƙwaƙwalwar aiki, wato ram, wadda ba ta wuce giga 4 ba. A irin wannan inji, ƙirge yana iya tsayawa a lamba ɗaya na tsawon awa guda ko fiye, alhali ana aiki a ciki. Duba 'yar fitilar rumbu idan akwai: muddin tana ƙyaftawa, kada ka taɓa. Ba ta awa biyu ko uku. Gaggawar danne maɓallin kashewa ta lalata kwamfutoci da yawa waɗanda da an ƙyale su da sun gama lafiya.

Idan duk wannan bai yi ba

Yanzu ka shigo ɓangaren da ya kamata ka yi tare da malamin kwamfuta ko wani wanda ya sani. Cire duk abin da ke maƙale da kwamfutar: firinta, filashi, modam. Kowace na'ura tana da 'yar manhajar da ke yi mata tafinta da Windows, wadda masu gyara ke kira direba. Tsohon direba yakan hana sabon zubi zama, kuma lambar da ta fara da 0xC1900101 galibi shi take nunawa.

Wani lokaci facin da aka sauke ne ya zo a gurɓace, saboda yankewar intanet, kuma kwamfutar ta nace tana gwada wannan gurɓataccen. Tana ajiye shi a wata jaka mai suna SoftwareDistribution. Idan aka tsayar da sashen sabuntawa, aka canza wa jakar suna, aka sake kunna kwamfutar, za ta buɗe sabuwar jaka ta sauke komai daga farko. Akwai kuma umarni mai suna sfc /scannow, wanda ke bincika fayilolin Windows ya gyara waɗanda suka lalace. Idan kuwa bayan sabuntawa kwamfutar ta ƙi tashi sam, kada ka yanke ƙauna: bayan ta gaza tashi sau biyu ko uku a jere, takan buɗe shafin ceto da kanta, inda akwai zaɓin cire facin ƙarshe. Bayan ƙaura zuwa sabon zubi ma, Windows tana riƙe tsohon na kwana 10 don mai son komawa.

Idan ta kai ga zuwa shago, je da bayaninka a shirye. Saurari yadda wani ɗalibi ya yi magana da mai gyara:

"Salamu alaikum. Sannu da aiki, Yaya."

"Wa alaikumus salam. Yauwa ƙanena, me ya same ta?"

"Sabuntawa ce take tsayawa a kashi 30. Na duba agogo, daidai yake. Akwai giga 40 a rumbu. Ga lambar da take nunawa, na ɗauka a waya."

"To ai ka rage mini aiki. Ka kwashe kayanka daga ciki?"

"Na kwashe wasu. Don Allah, Yaya, kada a yi mata fomatin sai an faɗa mini."

Ciwo ne ko tsufa?

Akwai kwamfutar da za ka bi duk waɗannan matakai, ka tarar lafiyarta lau, amma faci ba ya zuwa. Dalili shi ne kowace babbar manhaja tana da wa'adi. Windows 7 ta fito a 2009, aka daina kula da ita a ranar 14 ga Janairu, 2020. Windows 8.1 ta bi ta a Janairun 2023. Windows 10, wadda ta fito a Yulin 2015, wa'adinta ya cika a ranar 14 ga Oktoba, 2025, sai dai kamfanin ya buɗe shirin ƙarin shekara ɗaya, zuwa 13 ga Oktoba, 2026, ga waɗanda suka yi rajista kuma suke kan zubinta na ƙarshe mai suna 22H2. Kwamfutar da wa'adin manhajarta ya ƙare ba ta daina aiki. Za ta ci gaba da buga takarda da nuna fim, amma duk ɓarakar da aka gano daga baya za ta zauna a buɗe.

Magajiyarta, Windows 11, ta fito a Oktoban 2021 da sharuɗɗa masu tsauri. Tana son ram aƙalla giga 4, da rumbu giga 64, da wani ɗan guntun tsaro mai suna TPM 2.0, da kuma inji na zamani. A injinan Intel, galibi daga tsara ta takwas zuwa sama take karɓa. Kana iya gane tsarar da kanka. Idan sunan injin i5-6300U ne, lambar farko bayan ɗan layin ita ce 6, wato tsara ta shida, bai cika sharaɗi ba. Idan i5-8250U ne, tsara ta takwas ke nan, ya shiga. Wannan ilimi zai yi maka amfani ranar da za ka sayi kwamfuta ta hannu, domin kyan jiki ba ya nuna shekaru, kuma mai sayarwa ba lallai ne ya faɗa maka ba.

Wasu masu gyara sun san hanyar tsallake waɗannan sharuɗɗa su ɗora Windows 11 a kan tsohon inji. Takan hau, amma kamfanin ya faɗa a fili cewa bai yi alkawarin aiko wa irin wannan kwamfuta faci ba, ga shi kuma tsohon doki ne aka ɗora wa kayan sabo. A ganina hanyar da ta fi ita ce a yi la'akari da Linux, babbar manhaja ta kyauta wadda wani ɗalibi ɗan ƙasar Finland, Linus Torvalds, ya fara a 1991. Tana da nau'o'i marasa nauyi, irin su Linux Mint da Lubuntu, waɗanda ke tafiya sumul a kan injin da ya shekara goma, kuma ana ci gaba da aiko musu da faci. Ana iya gwada su daga filashi ba tare da an taɓa abin da ke cikin rumbu ba. Amma a yi tambaya tukuna: wasu manhajojin da aka saba da su, har da wasu na gwajin jarrabawa, don Windows kaɗai aka yi su, kuma ba kowane firinta ne ke jituwa da Linux ba. Mai shagon buga takardu sai ya gwada nasa kafin ya ƙaura. Wanda kuma ya zaɓi ya zauna a kan tsohuwar Windows, to ya bar ta ga aikin da ba ya bukatar intanet, kada ya riƙa shiga asusun banki da ita.

Nazarin harshe

Lura da kalmar sabuntuwa a kan wannan darasi, ka gwada ta da sabuntawa. Idan ka ce "Na sabunta kwamfuta", kai ne mai aikin. Idan ka ce "Kwamfuta ta sabuntu", kana nufin aikin ya yiwu a kanta, ba tare da ka ambaci wanda ya yi ba. Hausa tana gina irin wannan aikatau da wasalin u a ƙarshe: gyara ya koma gyaru, kunna ya koma kunnu, buɗe ya koma buɗu, ɗora ya koma ɗoru. Idan aka kore shi a yanayi mai ci, yana ba da ma'anar abin da ba ya yiwuwa: "Ba ta kunnuwa", "Wannan ba ya gyaruwa".

Lura kuma da jinsin kalmomin aro. Kwamfuta da caja da fanka da data duk mata ne, shi ya sa muke cewa cajar, fankar, datar. Batir da filashi da fayil maza ne.

Tambayoyi

1. Me ya sa agogon da bai daidaita ba yake hana kwamfuta karɓar faci? Yi bayani da kalmominka.
2. Tsakanin yankewar data da yankewar wuta, wanne ya fi haɗari lokacin sabuntawa, kuma don me?
3. Me ya faru a watan Maris da watan Mayu na 2017?
4. Wani abokinka zai sayi kwamfuta mai inji i7-7500U. Me za ka faɗa masa game da Windows 11?
5. Mai da waɗannan jimloli zuwa siffar u: Na gyara fanka. An buɗe fayil. Sun ɗora manhaja.
6. Tare da abokin zamanka, ku sake tsara hirar ɗalibi da mai gyara, amma a wannan karon ɗaliba ce take magana da dattijo sa'an mahaifinta. Waɗanne kalmomin girmamawa za su canza?

Aikin gida: Nemi izinin duba wata kwamfuta a gida ko a ɗakin kwamfuta na makarantarku. Rubuta sunan babbar manhajarta, da sunan injinta, da yawan wurin da ya rage a rumbunta, da kwanan watan da take nunawa. Kawo bayanin aji a darasi na gaba.